Me ya sa fina-finan mai rikiɗa kyarkeci na ƙaramin jari suka fi shiga rai?

Mai Kallon Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar fina-finan ban tsoro. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai, kuma na ga ya dace in kawo shi gabanku domin in ji ta bakin waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. A 'yan watannin nan na duƙufa kallon fina-finan da suke ba da labarin mutumin da yake rikiɗa ya koma kyarkeci idan wata ya cika, sai na lura cewa waɗanda aka yi da ƙaramin jari su ne suke hana ni barci, su ne kuma nake marmarin sake kallo.

Na kalli The Wolfman na shekarar 2010, wanda aka kashe wa kimanin dala miliyan 150, aka zuba manyan jarumai irin su Benicio del Toro da Anthony Hopkins. Hotonsa ya yi kyau matuƙa, amma da ya ƙare ko gezau zuciyata ba ta yi ba. Bayan kwana biyu na kalli Dog Soldiers na 2002, wanda kuɗinsa bai kai ko kusa da na wancan ba, sai ga shi tun kafin a kai ƙarshe na tashi na duba ko ƙofa a kulle take. Shin akwai dalilin da ya sa haka, ko kuwa son rai ne kawai irin nawa? Sannan ina roƙon wanda ya san wasu irinsu ya nuna mini inda zan dosa.

Tsohon Ɗan Kallo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba son rai ba ne, kuma abin da ka ji yana da tushe tun daga farkon wannan nau'i na fim. The Wolf Man na 1941, wanda kamfanin Universal ya yi, shi ne uban kusan duk abin da ya biyo baya, kuma shi kansa ba a ɗauke shi a matsayin babban aiki ba a lokacin, domin kimanin dala dubu 180 aka kashe masa. Jack Pierce, mai kwalliyar kamfanin, yakan shafe sa'o'i yana liƙa wa jarumin fim ɗin, Lon Chaney Jr., gashin dabba a fuska, tsilli bayan tsilli. Idan za a nuna rikiɗa, sai a ɗauki hoto kaɗan, a tsaya a ƙara gashi, a sake ɗauka, daga baya a narkar da hotunan cikin juna. Wahalar aikin ta sa ba su iya nuna dodon a kowane lokaci ba, don haka mafi yawan fim ɗin ya tafi a kan mutumin, wato Larry Talbot, wanda ya san abin da yake aikatawa da dare, yake neman wanda zai yarda da shi, kusan kowa kuma yana ganin taɓin hankali ne ya same shi. A ƙarshe mahaifinsa ne ya kashe shi da sanda mai kan azurfa, bai san ɗansa yake duka ba sai da gawar ta koma siffar mutum a gabansa.

A nan ne nake ganin amsar tambayarka take. Sauran dodanni daga waje suke zuwa, amma shi mai rikiɗa kyarkeci da rana maƙwabcinka ne, ko ɗanka, ko kai kanka. Wanda ya rubuta labarin, Curt Siodmak, Bayahude ne da ya gudo daga Jamus bayan 'yan Nazi sun hau mulki, ya ga yadda mutanen kirki suke wayar gari sun zama abin tsoro, kuma ina jin wannan ɗacin a cikin labarin duk lokacin da na sake kallonsa. Daraktan da ba shi da kuɗi dole ne ya jingina da wannan ɓangare na ɗan Adam, tun da shi ne ba ya cin kuɗi. Mai kuɗi kuwa sau da yawa yakan shagala da nuna dodo yana tsalle a kan rufin gidaje.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a fim ɗin 1941 ba a nuna cikakken wata ko sau ɗaya ba. Sai a ci gabansa na 1943 aka ɗaure rikiɗar da cikar wata, har ta zama kamar doka.

Tun da ka nemi inda za ka dosa, nemi The Curse of the Werewolf na 1961, na kamfanin Hammer a Ingila, inda Oliver Reed yake matashi. An kai labarin ƙasar Sifaniya ne saboda kamfanin ya riga ya gina gidajen ɗaukar wani fim na Sifaniya da aka fasa, ba su kuma so kuɗinsu ya tafi a banza. Sai can wajen ƙarshe ake ganin dodon, amma kafin nan ka riga ka tausaya wa yaron tun daga haihuwarsa. Bayan shi ka nemi ayyukan Paul Naschy, ɗan Sifaniya mai wasan ɗaga ƙarfe, wanda ya fara fitowa a matsayin mai rikiɗa kyarkeci mai suna Waldemar Daninsky a 1968, ya ci gaba da maimaita wannan rawa fiye da sau goma, kuma shi yake rubuta yawancin labaran da hannunsa. Aikin yana da kurakurai a fili, sai dai mutumin ya ba da rayuwarsa ga wannan dodo, kuma ana ganin hakan a idonsa.

Ɗalibar Kyamara ta amsa:

Malam Tsohon Ɗan Kallo ya yi bayani mai gamsarwa ta fuskar labari, ni kuma zan ƙara ta fuskar yadda ake ɗaukar hoton, musamman a kan fim ɗin da mai tambaya ya ambata. Neil Marshall, daraktan Dog Soldiers, mai tace hoto ne kafin ya zama darakta, kuma shi ya tace fim ɗin da kansa. Labarin a tsaunukan Sikotland yake faruwa, amma a Luksambur aka ɗauki mafi yawansa saboda sauƙin kuɗi. Dodannin kuwa mutane ne a cikin rigar roba da gashi, an ɗora su a kan dogayen ƙafafu, kuma da gangan aka ɗauko masu rawa domin tafiyarsu ta fita daban da ta mutum. Marshall ya san cewa idan kyamara ta daɗe a kan rigar asiri zai tonu, saboda haka sai ya riƙa nuna hannu ta taga, ko inuwa a bakin ƙofa, ko kai da ya leƙo na ɗan ƙiftawar ido. Sauran aikin zuciyar mai kallo ce take ƙarasa shi, kuma abin da zuciya ta zana ya fi duk abin da za a ɗinka ban tsoro.

Akwai kuma batun nauyi. Rigar roba, ko da ba ta yi kyau ba, tana cikin ɗakin tare da jarumi, hasken da ya faɗa a kansa shi ne ya faɗa a kanta, idan ta bangaji tebur kuwa da gaske yake faɗuwa. Zanen kwamfuta, in ba a kashe masa kuɗi da lokaci sosai ba, yakan zama kamar yana yawo a saman hoton, ido kuma yana gane haka nan take ko da mai kallo bai iya faɗin abin da ya dame shi ba. Shi ya sa har yau ake maganar shekarar 1981, lokacin da mai kwalliya Rob Bottin, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya saka jakunkunan iska a ƙarƙashin fatar roba a The Howling, ana hura su fuska tana kumbura tana motsi a gaban kyamara. A wannan shekarar ce Rick Baker ya yi nasa a An American Werewolf in London, cikin ɗaki mai cikakken haske, wanda ya ba shi kyautar Oscar ta kwalliya a karon farko da aka mayar da ita rukuni na dindindin.

Ni dai wanda ya fi zama mini a rai shi ne Ginger Snaps na ƙasar Kanada, na shekarar 2000, wanda Karen Walton ta rubuta. Labarin yaya da ƙanwarta ne, dodo ya ciji yayar a daren da ta fara al'ada, daga nan take sauyawa a hankali cikin makonni, ƙanwar tana ƙoƙarin ceto ta tana kuma jin tsoronta. Dodon da aka nuna a ƙarshe bai burge ni ba, amma ban damu ba, domin kukan ƙanwar ne ya riƙe ni.

Baban Husna ya amsa:

Ina tare da ku a yawancin abin da kuka faɗa, amma ina jin tsoron kada mu sa ɗan'uwanmu ya ɗauka cewa rashin kuɗi shi kansa gwaninta ne. Waɗanda kuka lissafa su ne 'yan ƙalilan da suka tsira, a bayansu kuma akwai tarin da babu abin da za ka samu a ciki sai ɓata dare. Duk wanda ya bi jerin The Howling ya san haka: na bakwai, wanda ya fito a 1995, an cika shi da guntayen hotuna daga na baya domin a tsawaita lokaci. Kuma ko The Wolfman da mai tambaya ya kushe, Rick Baker ɗin nan ne ya yi kwalliyarsa tare da Dave Elsey, har suka ci Oscar da ita. Ke nan gwanaye suna wurin. Abin da ya raunana shi, a ganina, sauyin darakta ne dab da fara ɗauka da kuma yawan hannaye a cikin aikin.

Duk da haka ina da nawa da nake ƙauna. The Beast Must Die na 1974 kare aka yi wa ƙarin gashi aka ce shi ne kyarkecin, kowa kuma yana gani, amma dab da ƙarshe sai a tsayar da fim ɗin na daƙiƙa 30 a ce mai kallo ya canki wane ne mai rikiɗar a cikin baƙin gidan, kuma na sha ganin yadda wannan yake tayar da musu mai daɗi tsakanin masu kallo. Sai Late Phases na 2014, inda Nick Damici ya fito a matsayin tsohon soja makaho da ya koma unguwar tsofaffi, ya gane abin da yake kashe maƙwabtansa, ya kuma san wata guda gare shi ya shirya kafin wata ya sake cika. Rigunan dodannin ba su da kyau, wannan ba a musu, amma yadda dattijon yake auna ɗakinsa da taku yana haddace inda komai yake ya fi mini rikiɗa goma.

Mai Kallon Dare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Gyaran Baban Husna ya shige ni, domin na tuna wasu biyu masu arha da na kashe tun ba su kai rabi ba, na kuma manta da su lokacin da nake rubuta tambayata. Zan fara da Late Phases a daren nan saboda labarin makahon ya riga ya kama ni, sannan na Hammer ya biyo baya. Malam Tsohon Ɗan Kallo, a cikin na Paul Naschy wanne ya kamata in fara da shi, na 1968 ɗin ko kuwa akwai wanda ya fi shi sauƙin shiga ga sabon mai kallo?