Tambaya kan ƙaramin kifin teku mai cin ƙwarƙwatar manyan kifaye

Mai kiwon tarwada, Auyo:
Assalamu alaikum. Na ji cewa a ƙasar Norwe masu kiwon kifi suna zuba wani ɗan kifi a cikin kejin manyan kifaye domin ya riƙa tsince musu ƙwarƙwata. Ina roƙon masana su bayyana mana kamanninsa da inda yake rayuwa, kuma ko zai yi aiki a tafkin tarwada irin namu.

Malamin kimiyya, Haɗejia:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Labarin gaskiya ne, kuma tun a ƙarshen shekarun 1980 aka fara gwada hakan a gonakin kifin salmon, wato wani babban kifi da ake kiwo a keji cikin teku. Ɗaya daga cikin kifayen da ake amfani da su shi ne Ctenolabrus rupestris, wanda tsawonsa yawanci santimita 10 zuwa 12 ne, ba ya wuce 18. Launinsa ja-ja ne mai sirkin ruwan ƙasa, yana da kaurin leɓɓa da ƙananan haƙora masu tsini a gaba, kuma abin da ake saurin gane shi da shi baƙin ɗigo ne a saman gindin jelarsa, da wani a farkon ƙayar bayansa. Yana zaune a gabashin Tekun Atilantika, daga Norwe har Maroko, da kuma Bahar Rum, a wuraren da duwatsu da ciyawar teku suka yi yawa, daga bakin gaɓa zuwa zurfin mita 50. Ba ya nisa da kogonsa. Yakan fito da rana ya tsinci ƙananan halittu masu ɓawo a jikin dutse, da dare kuma ya shige ya lafe. Idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai a hunturu, sai ya maƙale a tsagar dutse, ya rage motsi da cin abinci.

Ɗaliba, Dutse:
Malam, a ba ni dama in ƙara da ɗan'uwansa Symphodus melops, wanda a ganina ya fi shi ban sha'awa. Namijin yana tsinko ciyawar teku da baki, yana cusa ta a tsagar dutse har ta zama sheƙa, mace ta zo ta saka ƙwai ta tafi, shi kuwa ya tsaya gadi yana kaɗa musu ruwa, kamar yadda wata karfasa take tsare raminta a bakin fadama. Akwai kuma wasu ƙananan maza masu kamannin mata, waɗanda ba sa gina komai, sai dai su faki idon mai sheƙa su kutsa su barbari ƙwan.

Jami'in gona mai ritaya, Ringim:
Alhaji, kada ka ɓata kuɗinka. Kifin ruwan gishiri ne mai sanyi, inda kowace lita take ɗauke da gishiri kusan giram 35, saboda haka ruwan rijiyar burtsatse da zafin watan Afrilu za su kashe shi nan take. Ko a can ma yawancinsu kamo su ake yi daga teku da tarko, kuma da yawa suna mutuwa a cikin kejin. Ƙwarƙwatar da take damun kifin tafki kuma jinsinta daban ne da ta salmon. In ma an ce ya jure ruwan, tarwada mai kilo ɗaya za ta haɗiye shi tun kafin ya kusanci jikinta.