Abin da dattawan fada suka ce kan shirin ritaya

Ranar Juma'a bayan la'asar, a fadarmu, wato majalisar hirarmu ta unguwar Birni a Damagaram, hira ta karkata kan ajiye aiki. Ga abin da na tsinta.

Takardu aka fi daɗewa a kai. Wani tsohon malamin makaranta ya ce tun saura shekara 5 mutum ya haɗa takardar haihuwa, ta ɗaukar aiki, ta aure da ta 'ya'ya, ya duba ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai a ko'ina. Harafi ɗaya kan riƙe fansho watanni. Ma'aikacin gwamnati CARENI zai nufa, wato asusun fanshon ma'aikatan gwamnatin Nijar, na kamfani kuwa CNSS, asusun da ke biyan fanshon ma'aikatan kamfanoni, kuma zirga-zirgar Yamai don gyaran takarda, wajen kilomita 900, ba wasa ba ce ga mai ciwon gwiwa.

Sai gida: a fita haya tun albashi na shigowa, ko ɗaki 2 ne, a kuma biya bashin banki.

Kan sana'a aka yi gardama. Wasu na son shago a Kasuwar Dole, wasu kiwon raguna don Babbar Salla, wani lambu a Mirya. Ni dai na fi yarda da wanda ya ce: "Alhaji, gwada da rago 3 tun kana aiki, ka ga abin da dusa ke ci."