Wai duk wanda ya shiga NFL ya san abin da ya saya?

Yaya Bashir: Salamu alaikum. Jiya na kalli wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka da ake yi da hular kwano, raina ya ɓaci. Ɗan baya ya tare mutum tsaf da kafaɗa, alƙalin wasa ya cillo rawayan ƙyallen nan na alamar laifi, wai tarar yadi 15. To me ya rage a wasan? Ni magana ɗaya nake yi: wasan karo ne, kowa ya san haka kafin ya sa hannu a kwantiragi, kuma miliyoyin daloli ake biyansu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Surutun rauni ne ya kashe armashin wasan.

Nura: Wa'alaikumus salam. Yaya, ka manta daren Tua Tagovailoa, ɗan wasan Miami, ne? Satumbar 2022, Miami Dolphins da Cincinnati Bengals. Ni ganau ne, biyun dare ta wuce a nan Kaduna ina zaune gaban talabijin. Aka yi jifa da shi, ƙeyarsa ta daki ƙasa. Yana kwance sai hannayensa suka ɗago gaban fuskarsa, yatsun suka mummurɗe suka sandare kamar ba nasa ba. Kwana huɗu kafin nan, a wasansu da Buffalo, ya tashi yana tangaɗi, aka ce wai bayansa ne, aka mayar da shi fili. Wannan ma yana cikin askin?

Yaya Bashir: Ban manta ba. Ƙungiyar 'yan wasa ta sallami likitan da ya duba shi, aka gyara ƙa'ida, yanzu wanda ya yi tangaɗi ba ya komawa. Kuskuren likita daban, wasa daban.

Anti Rakiya: Bashir, "kowa ya sani" ɗin nan, tun yaushe suka sani? A 2002 Mike Webster na Pittsburgh Steelers ya rasu yana da shekara 50. Mutumin da ya ci kofin Super Bowl, babban kofin NFL, sau huɗu, ƙarshensa har a cikin motarsa yake kwana, hankali ya gushe. Wanda ya binciki gawarsa ɗan ƙasarmu ne, Dakta Bennet Omalu, ɗan Anambra. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau, sai da ya yanka ya duba da madubin likita ya ga ɓarnar. A 2005 ya wallafa abin da ya gano, cutar lalacewar ƙwaƙwalwa daga yawan bugun kai da ake kira CTE. Ka san abin da likitocin kwamitin NFL suka yi? Cewa suka yi a janye rubutun. Sai a 2016 wani babban jami'insu ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa. Mutum ba ya yarda da haɗarin da mai gidansa ke rantse masa babu shi.

Nura: Kuma a 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsoffin 'yan wasa bayan fiye da 4,500 sun kai ta kotu. Sannan binciken Jami'ar Boston na 2017: ƙwaƙwalwa 111 ta tsoffin 'yan NFL aka duba, 110 suna da cutar.

Yaya Bashir: Na san za ka kawo wannan. Su wa suka kai ƙwaƙwalen? Iyalan da suka riga suka ga alamun ciwo a jikin mamacinsu. Wanda mahaifinsa ya tsufa garau ba zai kai ba. Kamar ka shiga asibitin ƙashi ne ka fito ka ce duk garin karayayyu ne.

Anti Rakiya: A nan ka fi Nura gaskiya, masu binciken da kansu sun faɗi haka. Lissafin bai nuna kashi nawa cikin ɗari ke kamuwa ba. Sulhun kotun ma NFL ba ta amsa laifi a ciki ba. Amma mutum 110 dai mutum 110 ne. Tsohon ɗan wasa Dave Duerson a 2011 a ƙirji ya harbi kansa, ya bar saƙo a bincika ƙwaƙwalwarsa. Junior Seau ma a ƙirji, shekara ɗaya bayansa. Duka biyun an samu cutar.

Kawu Lawal: Innalillahi. Ni ban san wasan nan naku ba, sai guntun bidiyon da Nura ke turowa. Amma abin da na gani shi ne hular kwanon ce fitinar. Ka ba ƙato kwano a ka, ya ga kansa ya zama guduma, me zai hana shi tunkuyi kamar rago? A gidan dambe turmi uku ne, da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, an raba. Ba mai kai hari da kansa, don ya san kan nasa ne. Ku cire musu hular ku gani in ba su natsu ba.

Nura: Allah ya ja kwanan Kawu, ai an yi zamanin da babu ita. A 1905 aƙalla mutum 18 suka mutu a wasan, yawancinsu ɗalibai, har sai da Shugaban Amurka Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa.

Anti Rakiya: Kawu yana da rabin gaskiya. Ryan Shazier a 2017 sunkuyar da kai ya yi ya shiga mutum, ya faɗi ƙafafunsa ba sa motsi, lakar baya ta taɓu. Shekara ta gaba aka haramta sunkuyo kai a kai karo. Amma Kawu, hular ƙoƙon kai take karewa, ba abin da ke ciki ba. Ka saka curin fura cikin ƙwaryar nono, ka naɗe ƙwaryar da bargo goma, ka girgiza. Ƙwaryar ba za ta fashe ba, furar kuwa sai ta bugi gefe. Haka ƙwaƙwalwa take cikin ruwanta. Abin da ku duka kuke tsallakewa ke nan: kuna ta jayayya kan mugun karon da ake maimaitawa a talabijin. Webster a tsakiyar sahun gaba yake wasa. Aikinsa duk tashi ya haɗa kai da na gabansa, sau da yawa a kowane wasa, ga atisaye, shekara 17. Ba a busa usur a kan wannan, ba a cin tara, ba wanda ke suma. Da yayyafi kogi kan cika. Af, kuma tun 1928 likitoci suka bayyana irin ciwon a jikin 'yan damben boksin, kada Kawu ya ɗauka dambe ya tsira.

Kawu Lawal: Hmm. Akwai wani tsohon ɗan dambe a unguwarmu, da ƙuruciyarmu in ya shigo fili mata har guɗa suke. Yanzu kofin shayi ba ya iya riƙewa sai ya zube, magana tana harɗewa. Mu sammu muke cewa. Rakiya, kin sa ni tunani.

Yaya Bashir: To ai kun dawo kan maganata. In ƙananan karon ne ke ɓarnar, rawayan ƙyallen na mene ne? Dubi Damar Hamlin, Janairun 2023. Tarewa ce mai tsabta, ba laifin kowa. Ya miƙe tsaye, ya taɓa hularsa, ya zube ta baya, zuciya ta tsaya saboda bugun ya sami ƙirji daidai wani ɗan taƙin lokaci. Wace doka za ta hana wannan? Likitocin fili suka ceto shi, kuma da ƙafarsa ya koma wasa. Ba wanda ya tilasta shi.

Nura: Dokar tana da amfani, Yaya. Darryl Stingley a 1978, wasan share fage ma, Jack Tatum ya dake shi ya shanye daga wuya zuwa ƙasa har ya bar duniya a 2007, kuma ko tara ba a ci ba, don a lokacin halas ne. New Orleans Saints kuwa har kuɗi suke tarawa a ba wanda ya ji wa abokin hamayya ciwo, aka dakatar da kocinsu Sean Payton kakar 2012 gaba ɗaya. Inda nake tare da kai shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Ana cin ɗan wasa tara, masu kulob kuma suka ƙara wasanni daga 16 zuwa 17 a 2021, ga wasan Alhamis bayan na Lahadi.

Yaya Bashir: Na ji. Na janye "kowa ya sani", Webster bai sani ba. Amma na yanzu sun sani. Chris Borland kaka ɗaya ya buga wa San Francisco, ya karanta, ya ajiye a 2015 yana ɗan shekara 24. Ƙofa a buɗe take.

Anti Rakiya: Borland ya ajiye bayan ya gama na sakandare da na jami'a, karon da ya sha ya riga ya sha. Ba wanda ke fara wasan nan ranar da ya sa hannu a kwantiragi, wani ne ke sa masa hannu tun yana yaro. Wai ba ɗanka Sadik ne ya ce mini kocin makarantarsu ya ba shi takardar izinin shiga wasan a kawo maka ba?

Nura: Tofa.

Yaya Bashir: Anti, na makaranta ai ba NFL ba ne. Takardar tana nan manne a jikin firji tun Talata. Uwarsa ta ce kada in taɓa sai ta dawo daga aiki.

Kawu Lawal: In ta dawo a ce ta kira ni.