Ta yaya ake auna ko bayanin kayan aiki ne ke rikita wakilin AI?

SabonShiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata kan sabar MCP ce (MCP ƙa'ida ce ta haɗa wakilin AI da kayan aikin da zai kira) mai kayan aiki 14 na kalanda da imel. Wakilin, wato manhajar AI da ke zaɓen kayan aiki ta kira su da kanta, yakan kira `jera_taruka` a inda ya kamata ya kira `nemo_taro`, wani lokacin kuma ya turo kwanan wata a tsarin da sabar ba ta karɓa. In an taɓa rubutun bayanin kayan aikin sai a ga kamar ya gyaru, kashegari matsalar ta dawo. Akwai hanyar aunawa da ta wuce gwada tambaya biyu ko uku da hannu? Kuma yaya ake gane laifin bayanin ne ko na samfurin AI ɗin kansa, wanda wakilin ke aiki da shi?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Abu uku kawai wakilin ke gani: sunan kayan aikin, bayaninsa, da tsarin gurabensa (abubuwan da ake cikewa in za a kira shi) da aka rubuta da JSON Schema, wato ƙa'idar fayyace siffar bayanai. Lambobin da ke bayansa ba sa zuwa gabansa, abin da ka sani a ranka ma haka. Don haka kafin komai, miƙa wa wani abokin aiki waɗannan ukun kaɗai, ka ce ya faɗa maka bambancin `jera_taruka` da `nemo_taro`. In ya yi jim, ka samu amsarka tun ba ka kunna komai ba.

Sai awo na gaske. Tara ayyuka 40 zuwa 60 da irin maganar da masu amfani ke yi, ba wadda aka kwafo daga bayanin ba, don in kalmomin sun zo ɗaya wakilin zai ci jarrabawar da ba ta gwada komai ba. Ka haɗa da masu sauƙi, da waɗanda ke tsakanin kayan aiki biyu masu kama, da waɗanda daidai shi ne kada ya kira komai ko ya nemi ƙarin bayani. Rukunin ƙarshen nan ne aka fi mantawa da shi.

Kowane aiki ka maimaita shi sau 5, ka rubuta: ya zaɓi kayan aikin da ya dace? gurabe sun cika daidai? kira nawa ya yi? tokin (gutsattsarin kalmomi da samfurin ke ƙirgawa) nawa suka tafi? Sannan ka zana jadawali, a gefe wanda ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. Inda kuskure ya taru, nan ne bayanai biyu ke cin iyakar juna.

Batun laifin wane ne: gwada da bayanin yanzu, da wanda aka gyara, da kuma babu bayani sam sai suna. In na yanzu bai fi na babu ba, bayanin ba ya tsinana komai. In wanda aka gyara ya ɗaga sakamako a samfura biyu daban, to rubutun ne. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na ayyukan kada ka leƙa su yayin gyara, sai a ƙarshe.

Mai_Lissafi:
Abin da Malam ya faɗa daidai ne, zan ƙara kan lissafin. In ayyukanka 20 ne, kowane ɗaya kashi 5 cikin 100 ne. Tashi daga 80 zuwa 85 aiki guda ne tak, kuma zai iya juyawa a zagaye na gaba ba tare da ka taɓa harafi ɗaya ba. Shi ne ma'anar "ya gyaru, ya dawo" da kake gani.

Kuma matsakaici yana ruɗi. Wakilin da ke cin aiki sau 9 cikin 10, damar ya ci shi sau 8 a jere kusan kashi 43 ce kawai. Gwajin τ-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 yana auna wannan, suna kiransa pass^k. Jadawalin BFCL na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ke jera samfura bisa iya kiran kayan aiki, yana taimakawa wajen zaɓen samfuri, amma ba zai faɗa maka komai kan naka bayanin ba.

Yar_Manhaja:
Ina da ja kan abu ɗaya. Kada a tsaurara cewa dole sai an kira kayan aiki kaza sannan kaza. Sau da yawa hanya biyu duk suna kaiwa. A duba ƙarshen lamari: taron ya shiga kalanda a ranar da aka ce, da mutanen da aka ce? Sannan a zauna a karanta zaren aikin (jerin matakan da wakilin ya bi) na waɗanda suka faɗi, aƙalla 10. Adadi zai nuna an faɗi, zaren ne zai nuna dalili.

Matsalar kwanan wata kuwa mai sauƙi ce. Rubuta a bayanin gurbin kansa: tsarin ISO 8601 na rubuta kwanan wata, misali 2025-03-14T09:00:00Z, lokacin UTC (agogon bai-ɗaya na duniya). Gurbin da zaɓinsa ƙididdigagge ne ka sa masa `enum`, wato jerin zaɓin da aka yarda da su. Saƙon kuskure ma bayani ne, don wakilin yana karanta shi: maimakon lambar kuskure 400 tsura, ya ce tsarin da ake so da misali guda. Su kuma kayan aikin biyu, ko dai kowanne ya faɗi lokacin da ba shi za a kira ba ya ambaci ɗan'uwansa, ko a haɗe su ɗaya da gurbin bincike na ganin dama. Ni na fi karkata ga haɗewa.

SabonShiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To `soke_taro` fa, yaya zan gwada shi ba tare da ɓarna ba?

Tsohon_Hannu:
Kalandar bogi, wadda ake mayar da ita yadda take kafin kowane zagaye. Saka taruka biyu masu suna iri ɗaya a ranaku daban, ka ce "soke taron kasafi". Daidai shi ne ya tambaya wanne. Alamar `destructiveHint` ta MCP, mai nuna cewa kayan aiki na iya yin ɓarna, ishara ce ga manhajar da ke riƙe da wakilin, ba ta hana sokewa da kanta, don haka ka rubuta a bayanin cewa sokewa ba ta dawowa, kuma gurbin ya karɓi lambar taro, ba sunansa ba.