Tun hukuma ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba, me za mu iya yi wa iyalanmu?

Maman Hafsa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kwana uku ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta. Shekarata 11 a Amurka, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, yawanci da dare. A benen da nake haya akwai wata baiwar Allah, mijinta ya rasu bara ya bar ta da yara uku. A watan Janairu bashin wuta ya taru mata har aka yanke, gida ya yi sanyi kamar firiji. Sai ta karɓi aikin dare don ta biya, ta riƙa barin babbar 'yarta mai shekara 10 da ƙannenta biyu. Yarinyar ta fara barci a aji. Malamarta ta tambaye ta, ita kuwa yarinya ta faɗi gaskiya. Ba a kwana biyu ba sai ga mata biyu daga hukumar kare yara, wadda ake ce wa CPS, a bakin ƙofarta.

Alhamdulillahi ba su tafi da yaran ba. Amma an buɗe mata fayil, an leƙa firijinta, an duba jikin yaran, an tambaye su ɗaya bayan ɗaya ba a gabanta ba. Yanzu ko mai kawo saƙo ne ya buga ƙofa sai ka ga jikinta yana rawa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kuɗin: dala 640 ne gaba ɗaya. Ƙofa biyu ce tsakaninmu, muna gaisawa kullum, kuma ban san komai ba sai da abin ya faru. Na ce mata me ya hana ki yi min magana, ta sunkuyar da kai ta ce kunya.

To ga tambayata. Akwai wani abu da jama'ar unguwa ko ta masallaci za su iya shiryawa da kansu, wanda zai tare irin wannan tun bai kai ga hukuma ba? Kuma akwai taimakon gwamnati da mutum zai nema ba tare da ya jawo wa kansa bincike ba? Wanda ya san kan abin ya taimaka mana don Allah.

Anti Rabi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri da kika damu da ita. Na yi shekaru ina aiki da iyalai a wata cibiyar unguwa, kuma labarin maƙwabciyarki shi ne wanda na fi ji, sunaye kawai ke canzawa.

Mutanenmu suna ɗauka cewa duka ko cin zarafi ne ke kawo hukumar gida. A rahoton da gwamnatin tarayya ke fitarwa duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da aka tabbatar da matsalarsu, sakaci aka rubuta. Idan kika buɗe kalmar sakacin nan kuwa, sau da yawa abin da za ki tarar a ciki shi ne rashin abinci, rashin wuta, rashin mai reno, gidan da bai dace ba. Wato babu. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar nan za a yi bincike a kansu kafin su cika shekara 18, a cikin yara baƙar fata kuwa adadin ya kai kashi 53. 'Ya'yanmu suna cikin wannan lissafin.

Kada ki ga laifin malamar sosai. Doka ce ta ɗora mata, ita da likita da nas, su kai rahoto da zarar sun yi zargi, in ba haka ba aikinsu na cikin haɗari. A jihohi irin su Texas da New Jersey ma kowane baligi dokar ta ɗora wa. Shi ya sa gyaran sai an yi shi kafin yarinya ta kai ga barci a aji.

Ga abin da zan ce ki fara da shi. Ki kira 211 tare da ita, kyauta ne, za su haɗa ku da masu taimakon haya da abinci na yankinku, kuma ki nemi tafinta idan Turanci zai ba ta wahala. Akwai shirin LIHEAP da aka yi musamman don kuɗin ɗumama gida, da ta san da shi wataƙila da ba a yanke mata wuta ba. Akwai shirin WIC mai ba da tallafin abinci ga mai ciki da yaran da ba su kai shekara 5 ba. Ga mai cikin fari kuma wadda ba ta da ƙarfi, akwai Nurse-Family Partnership, inda nas ɗaya za ta riƙa zuwa gida tun daga ciki har yaro ya shekara 2. An fara gwada shi a garin Elmira na jihar New York a 1977, kuma da aka bi sawun iyalan bayan shekara 15 an ga cin zarafi da sakaci sun ragu kusan da rabi. Ni wannan shirin yana burge ni, domin a nan mace takan haihu ta dawo gida ba uwa ba ƙanwar uwa, ba mai yi mata zaman jego.

Za ki ji ana ambaton dokar Family First ta 2018, wadda ta ba jihohi damar kashe kuɗin da a da na riƙon yara ne kawai wajen maganin shaye-shaye, lafiyar ƙwaƙwalwa da koyar da tarbiyya a gida, na tsawon wata 12. Mataki ne mai kyau, ban raina ba. Sai dai ta fi shafar yaron da aka riga aka ga yana dab da a ɗauke shi, kuma ba ta biyan kuɗin haya ko na wuta. Maƙwabciyarki ba ajin tarbiyya take buƙata ba, ta iya tarbiyyarta. Dala 640 take buƙata da mai kwana da yara. Wannan gurbin mu ne za mu cike shi.

Baban Sadik:

Hajiya Rabi ta gama magana, ni abin da muka gwada kawai zan ƙara. A masallacinmu shekara uku ke nan muna da asusun gaggawa. Gida 40 ne, kowa dala 20 a wata. Ba mu ba da kuɗi a hannu, kai tsaye muke biyan mai gida ko kamfanin wuta. Mutum biyu rak suka san sunan wanda ya karɓa, namiji ɗaya mace ɗaya, kuma ba a sanarwa bayan sallar Juma'a. Da farko mun yi kuskure, mun ce sai an cike takarda an zo gaban kwamiti. Wata shida ba wanda ya zo. Da muka cire wannan muka bar wa matan su riƙa jin halin juna a tsakaninsu, sai ga buƙatu suna fitowa. Ashe ba rashin masu buƙata ba ne, tsoron tonon asiri ne.

Abu na biyu, kowane gida ya rubuta sunan mutum biyu da ya yarda su riƙe masa yara in wani abu ya taso, ya ajiye tare da lambobinsu. Dokar tarayya ta 2008 ta ce idan an ɗauke yaro a nemi danginsa a sanar da su cikin kwana 30, kuma jihohi da yawa suna karɓar aminin gida ko da ba jini ɗaya ba. Amma ma'aikaciyar hukumar ba za ta san da Goggo ko Kawu ba sai an faɗa mata. Kuma lokaci ba ya jira: tun dokar 1997, yaron da ya yi wata 15 cikin 22 a hannun riƙo, ana iya fara shari'ar raba shi da iyayensa har abada.

Ummu Yasir:

Ku yi haƙuri, zan ɗan taɓa inda ba a so. Ina tsoron kada wannan shiri ya koma rufa-rufa. Na san yarinyar da mijin uwarta ya yi shekaru yana cutar da ita, manyan unguwa suka sani, suka ce a sasanta a cikin gida kada a kunyata mu a gaban Turawa. Yau ta girma, ba ta shiga cikin mutanenmu ko a ranar sallah. Talauci daban, zalunci daban. Uwar da aka yanke wa wuta a taimaka mata a rufa mata asiri, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma yaron da aka ga ƙuna ko karaya a jikinsa, ko yarinyar da ta ce ana taɓa ta, wannan ba maganar kwamiti ba ce. A kira hukuma a ranar. Baban Sadik, da girmamawa, ina so a rubuta wannan a dokar asusunku ƙarara, kuma a karanta wa kowa kafin ya shiga.

Baban Sadik:

Gaskiyarki 'yar'uwa, kuma ba mu rubuta ba. Zan kai maganar zaman da za mu yi na ƙarshen wata.

Maman Hafsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ummu Yasir, maganarki ta shige ni, ba zan manta da ita ba. Anti Rabi, jiya da yamma mun kira 211 ni da ita, an ba mu ranar da za ta kai takardun neman kuɗin ɗumama gida, zan raka ta. Wani abu kuma da na gano, yawancin jihohi ba su yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma Maryland ta hana barin wanda bai kai 8 ba sai da mai kula da ya kai 13. Kowa ya duba na jiharsa, don da yawa cikinmu ba mu taɓa tambaya ba.

Ba na aiki daren Laraba da na Juma'a, saboda haka yaranta za su riƙa kwana a wurina waɗannan ranakun, na riga na sayo katifa. Wata maƙwabciyarmu ta karɓi Litinin. Saura daren Asabar ba mu samu kowa ba tukuna. Baban Sadik, don Allah ka turo min yadda kuka tsara asusun naku, matanmu bakwai za mu zauna ranar Lahadi bayan azahar.