Akwatin takardun Kaka: me zan ajiye, me zan zubar?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Bayan rasuwar Kaka an damƙa min akwatin ƙarfensa, cike da takardu. Akwai wasiƙu da hotuna da takardun gona, sai kuma tarkace: rasit-rasit, katunan gayyata, tikitin jirgin ƙasa, tsofaffin ambulan. Nufina in yi wa masu muhimmancin laminatin, tarkacen in ƙone. Ko da mai shawara?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa da rahama. Auta, don Allah ajiye ashanar nan tukuna.

Malam Mai Laburare: Amin. Abin da kike kira tarkace, shi masu binciken tarihi suka fi nema. Labarin sarakuna ba ya rasa mai rubutawa, amma nawa talaka ya biya kuɗin mota, wa yake bin wa bashi, wa ya auri wa, sai a irin waɗannan takardun. Akwai wani ɗaki a wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra, a tsohon birnin Alƙahira, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana jibge takardun da aka gama da su, don ba sa yar da rubutun da ke iya ɗauke da sunan Allah. A 1897 wani masani mai suna Solomon Schechter ya kwashi guntaye sama da 190,000 ya kai Jami'ar Kambirij. Ciki har da takardun aure, wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, da rubutun yara masu koyon haruffa. Da su aka gane yadda mutanen bakin tekun Bahar Rum suka rayu shekara kusan dubu da ta wuce.

Auta: Ikon Allah. To ambulan fa, Malam? Wasu ba komai a ciki.

Malam Mai Laburare: Hatimin gidan waya da ke kai yana ba ki rana da gari. Wasiƙar da ba kwanan wata, ambulan ɗinta ne shaidarta, kada ki raba su. Kuma kada ki sake jera takardun yadda ya yi miki kyau. Yadda marigayi ya ɗaure su ƙulli-ƙulli ma bayani ne, ya san dalilin da ya haɗa wannan da wancan.

Maman Biyu: Laminatin kam ban ba ki shawara ba, ni ganau ce. Na kai takardar haihuwar Babanmu aka yi mata, yanzu gefen ya buɗe, danshi ya shiga, kuma ba ta ɓantaruwa sai da rubutun. Salatif ma haka, yana yin ja ya bar tabo.

Hajiya Babba: Ki cire duk wani ƙarfen maƙale takarda, tsatsa yake yi, da robar ɗauri. Yankakkun jaridu ki ware su daban, takardarsu na da asid, tana ɓata duk abin da ta jingina da shi. Akwatin kuma a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bango saboda gara. In kin ji warin fumfuna, ki baza su a inuwa su sha iska, ban da rana.

Ɗan Kwamfuta: Aunty, fara da rasit ɗin inji, masu santsin nan, rubutunsu gogewa yake da kansa. Ki yi sikanin takardu a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan), hotuna a 600, gaba da baya. Kwafi uku, ɗaya a wajen gidan. Kar ki dogara da wanda kika tura ta WhatsApp, yana rage ingancin hoto.

Kawu: Duk kun yi maganar takarda, kun manta mutane. Hoton da ba wanda ya san na ciki, me amfaninsa? Ki ɗauki hotunan ki je wurin tsofaffin gidanku tun suna raye, su faɗa miki sunaye, ki rubuta a baya da fensir, ba biro ba. Ni na yi jinkiri, yanzu ina da hoton mutum tara, biyu kawai na sani.

Maman Biyu: Ni dai da za ki ji tawa, ki miƙa su ma'ajiyar tarihi. Gida ba tabbas, gobara ko rabon gado sai su watse.

Hajiya Babba: A'a, ban yarda a yi gaggawa ba. Wasiƙun nan akwai sirrin mutane, bashi, saki, rigimar gado, kuma 'ya'yansu na nan da rai. A tambayi dangi tukuna.

Malam Mai Laburare: Duk biyun kuna da gaskiya. Ana iya bayarwa da sharaɗi a rubuce, cewa kaza ba za a buɗe ba sai bayan shekara kaza. Ana kuma iya ba da kwafi kawai. Laburaren Birtaniya na da shiri tun 2004 da ke tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari, na asalin kuma su zauna a ƙasarsu. A Timbuktu ta ƙasar Mali ma iyalai ne suka riƙe yawancin tsofaffin rubuce-rubucen hannu na garin, su suka fitar da su a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako a rikicin 2012. Can kuma sai danshi ya zama sabuwar matsala.

Auta: Na gode ƙwarai. Na fasa ƙonawa. Ranar Asabar zan kai wa Gwaggo hotunan, ita ce babba da ta rage. Ɗan Kwamfuta, wayata za ta iya sikanin ɗin ko sai na nemi inji?

Ɗan Kwamfuta: Waya ta isa a fara. Kusa da taga, ki kashe filasha.