A raba ajin Sinanci, ko a bar su tare?

Yaya Babba: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai nan Malbon ta ƙasar Ostireliya na gaji. Yarona shekara uku ke nan yana ajin Sinanci, amma rabin ajin 'ya'yan Sinawa ne da suka sha yaren a nono. Malamarsu na tambaya, kafin ya haɗa jimla sun amsa har sun yi dariya. Haɗa su aji ɗaya zalunci ne, a raba su kawai.

Malama: Wa alaikumus salam Yaya. Ai jihar Biktoriya, inda Malbon take, ta riga ta raba jarrabawar ƙarshe, akwai ta masu harshen uwa, akwai ta masu koyo, har da ta tsakiya. To a ina za a aje ɗan Sinawan da aka haifa can, yana jin kakarsa amma bai iya rubuta sunansa ba?

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Malama ta taɓo wurin. Shekara goma ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sayo kaya. Mutanen garin, yaren Kantonis suke yi a gida, na makaranta kuwa Mandarin ne, kuma ba sa fahimtar juna kai tsaye. Ɗan gidan Kantonis ba gado ya ci ba, rabin gado ne.

Yaya Babba: Alhaji, rabin gado ai ya fi babu.

Malama: Yaya, bari in ba ka na ajina nan Sakkwato. Ɗalibaina haifaffun Kanwuri da Mabera su rubuta mini “tahiya” da “hwari”, in ja jan biro. Wata yarinya Bayarabiya da ta koyi Hausa a littafi ta rubuta “tafiya”, har ƙugiyar ɗ ba ta mantawa. A baki ba ta kama ƙafarsu, a takarda ita ce ta ɗaya. Sinanci ma haka, baƙi dubu biyu zuwa uku kafin ka karanta jarida, kuma wannan ba a shan shi a nono.

Auta: Kuma Yaya, ɗanka ma da nasa gadon. Mandarin karin sauti huɗu ne, “ma” ɗaya ta zama uwa, ta zama doki, ta zama zagi. Bahaushen da ke bambanta kukar miya da kukan jariri kunnensa ya saba.

Yaya Babba: Auta, yaron nan ko “ina kwana” sai na matsa masa.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: To Yaya, turo muna shi hutu wanga karon, mu fara gyara Hausar tukuna.